Waliyyin Saumu

Talata, da hantsi, filin jirgin Unguja

Sun ce jirgin Dubai ba zai tashi ba sai bayan magariba. Bi Kibibi, abokiyar tafiyata, ta zube a kujera tana salati kamar an aiko mata da mutuwa. Ni ban ga abin kuka ba. Duk wanda ya sayi tikiti mai araha daga Mombasa ya san a tsibirin nan za a shanya shi yini guda. Zaɓi biyu ne: ko ya bushe a kujerar ƙarfe yana sayen ruwa a farashin turare, ko ya fita ya sha iska.

Na ce, "Tashi mu shiga gari mu sha romon urojo, mu sayo kanumfari."

Ta ce, "Mishi, dubi ƙafafuna, kamar an hura su."

Na ce, "Ba laifinsu ba ne, kayan da aka ɗora musu ne ya yi yawa."

Ta cire takalmi ta jefe ni, ta kuskure, ya sami wani Bature mai jan wuya. Na bar ta tana ba shi haƙuri da hannu da ƙafa.

Na ɗebi 'yan zannuwan leso a jaka. Matan kasuwar Darajani suna mutuwar son bugun Mombasa, ko da yake sai sun gama taɓe baki suke saya. Tafiyar nan ba ta shago ba ce kawai. Kayan auren Saumu zan haɗo, 'yar yayana marigayi Nasoro, wadda ta girma a ɗakina. Biki saura ƙasa da wata. Yarinya ta gama karatun jinya, ta zaɓi mijinta da kanta, kuma ta zaɓa da kyau. Sai na sa an yi shekara ana labarin bikin nan.

Talata, bayan la'asar

Na dawo filin jirgi. Ban sayo kanumfarin ba.

Talata, ana kiran shiga jirgi

Ba shi ba ne. Mutane suna kama da juna.

Laraba, da safe, masauki a Deira, Dubai

Bari in rubuta, ko zai fita daga ƙirjina.

Na sayar da lesona tun kafin azahar. Na sha urojo kwano biyu, na yi salla, na zauna a bakin teku har rigata ta bushe daga gumi. Na ce wannan shi ne cin moriyar jira. Sai na koma Darajani wajen mai kanumfari, muna ta ja, yana rantsuwa da kabarin uwarsa, ina rantsuwa da na tawa, sai na ji ƙarar kofunan gahawa a bayana.

Kowane mai gahawa da irin kaɗawarsa, kowa ya sani, da ita masu sha suke gane nasu tun daga nesa. Ta Babanmu a bakin gadar jiragen ruwa ta Shimoni ita ce biyu da sauri, ɗaya a hankali, sannan ya murza kofunan a tafin hannu su yi wani ɗan kuka kamar tsuntsu. Maza biyu ya koya wa. Shee, autanmu, fasa kofuna kawai ya iya, aka haƙura da shi.

Biyu da sauri, ɗaya a hankali, sai kukan tsuntsu.

Na juya. Wani tsoho ne da farin gemu, da butar tagulla mai gawayi a gindi, rigarsa ta ƙoɗe. Na je kamar mai saye, na ce a zuba mini. Bai ɗago kai ba. Ya zuba, ya ƙara citta ba tare da na ce ba. Sannan ya ga hannuna, ya bi shi da ido har fuskata. Gahawar ta cika kofi, ta malalo kan yatsunsa, tana tururi, bai ji ba.

Na ce, "Yaya Nasoro."

Ya ce, "Sunana Haji."

Ya ɗauki butarsa ya shige lungu. Lungunan garin nan kuwa, wanda ya shiga ya shiga. Na tsaya da kofinsa a hannu, mai kanumfari yana kirana, "Bibi, zo na sallama, zo ki ɗauka a yadda kika ce!" Karon farko a rayuwata da aka sallama mini na tafi ban waiga ba.

Mun yi masa sallar gawa babu gawa. Shekara tara ke nan. Ni na yi wa matarsa wanka da hannuna bayan shekara biyu, baƙin ciki ya cinye ta tana zaune.

Laraba, bayan azahar

Wa ya gaya masa ina son citta?

Jumma'a, da yamma

Kibibi ta ce, "Ke, lafiyarki? Ɗan Indiyan nan ya faɗi farashi kin ce to. Mishi ta ce to! Zan sa a buga a jarida."

Na ce zafi ne.

Ta ce, "Zafi? Ke da kike ciniki a kasuwar Marikiti da azumi a baki? Ko wani kika gani a Unguja? Tun da kika fita shan urojo kika dawo kamar wadda aljani ya mara. Faɗa mini, fari ne ko baƙi? Yana da ƙane?"

Na yi dariya don ta ƙyale ni.

Asabar, da safe

Saumu ta kira ta bidiyo daga asibiti, da hular aiki a kanta. Wai koren yadi take so, ba ruwan hoda ba. "Gwaggo, kada ki mai da ni kek." Na nuna mata yadi uku, ta zaɓi mafi araha, na zage ta, na sayi mafi tsada.

Goshinsa ne da ita. Shekara tara ina kallon goshin nan ina cewa Allah ya jiƙan mai shi.

Lahadi, bayan la'asar

Bi Mwanakombo, uwar ango, ta kira wai in ƙaro mata turaren wuta. Matar kirki ce, sai dai ba ta ajiye waya. Ta sake maimaita maganar da take yi tun ranar da aka sa rana: "Mishi, Lali da Saumu marayun jirgi ɗaya ne. Ruwa ɗaya ya ci ubanninsu. Allah ne ya haɗa su."

Mijinta Hamadi kafinta yana cikin jirgin ruwan 'yan bikin nan da ya tashi daga Shimoni za shi tsibirin Pemba. Kusan kowane gida a unguwarmu yana da wani a ciki. Yaya Nasoro ne matuƙi. An yi 'yan maganganu a lokacin, kan iska, kan yawan mutane, amma matacce ba a tuhumarsa. Mutuwarsa ce ta rufe bakin kowa. Da ita muke zaune lafiya da maƙwabta.

Na ce mata, "Haka ne, Allah ne ya haɗa su." Na sayi turaren.

Litinin

Ba shi ba ne.

Talata, da asuba

Shi ne.

Laraba, bayan azahar

Wani abu ya faɗo mini ina tsakiyar auna leshi, sai da na nemi kujera. Shee ne zai ɗaura auren, don shi ne ƙanen uba, shi ne waliyyi. To, in uban yana raye fa?

Ni ba jahila ba ce, na yi madarasa har na fara littattafai kafin kasuwa ta ɗauke ni. Amma ina so in ji daga bakin mai ilimi. Na aika wa Shehe Mwinyi na masallacinmu saƙon murya, na gyara murya sosai. Na ce wata mai sayen kayana ce, 'yar Tanga, take tambaya: yarinya ce za a aurar, an ɗauka ubanta ya rasu, ƙanensa zai ɗaura, sai wani ya ce ya ga uban da rai a wata ƙasa. Yaya ke nan?

Na ƙara da tambayarsa ko in taho masa da tazbaha. Dabara ba ta ƙare mini ba tukuna.

Laraba, bayan magariba

Ya amsa. Ya ce a mazhabarmu, in uba yana raye da hankalinsa, ƙanen uba ba shi da iko. In ya ɗaura, bai ɗauru ba. Ko dai uban ya wakilta wani da bakinsa, ko a kai magana gaban alƙali a ce uban ya yi nisa, shi ya ɗaura. Ya ce, "Ki gaya wa 'yar Tangan nan kada ta yi wasa da wannan, zaman da za su yi ba zaman aure ba ne. Tazbahar kuma baƙa nake so."

Gaban alƙali. Wato gaban gari ke nan. Kafin in sauko daga matakala labari ya isa Shimoni.

In na yi shiru, na kai 'yata ɗakin namiji babu aure, ina sane, ina guɗa. In na yi magana, wace uwa ce za ta karɓi 'yar mutumin da ya tsira shi kaɗai ya ɓuya, ya bar mijinta a ƙasan teku?

Alhamis

Na sayi akwati na huɗu. Ban san me zan zuba a ciki ba.

Asabar, da hantsi

Kibibi tana so mu canja tikiti mu bi jirgin da zai kai mu Mombasa kai tsaye, wai ƙafafunta ba za su sake jure kujerun Unguja ba. Na ce ta bi, ni ina da kanumfarin da ban saya ba.

Ta dube ni ta ce, "Kanumfarin nan dai yana da gemu."

Sai da cokali ya faɗi daga hannuna. Wasa take yi. Wasa kawai take yi.

Litinin, bayan la'asar, filin jirgin Unguja

Na same shi.

Ban tsaya urojo ba, ban tsaya komai ba. Na tambayi mai alewar halwa na bakin kasuwa ina Mzee Haji, dattijo mai gahawa. Ya ce, "Kwana biyu ya canja hanya, kamar mai gudun wani. Duba dakalin bayan kasuwar kifi." Yana can yana hura gawayi. Da ya gan ni ya yunƙura, na taka gefen rigarsa.

Na ce, "Zauna. Na fi ka gudu, kuma na fi ka baki. In ka motsa zan tara maka Darajani kaf."

Ya zauna. Ya tsufa fiye da Baba ranar da ya rasu.

Na shirya zagi tun daga Dubai, zagi mai kyau, na jera shi kamar kaya a kanta. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ka ci abinci?"

Ya ce, "Mwanaidi fa?" Matarsa ke nan.

Na ce, "Shekara bakwai da rasuwarta."

Sannan ya yi magana, gawayi yake kallo, ba ni ba. Masunta ne suka tsince shi rungume da jarka, suka kai shi wani ƙauye a Pemba. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba. Ranar da ya farfaɗo, rediyo tana karanta sunayen waɗanda ruwa ya ci. Ya san kowane suna, ya san gidan kowa, ya san wanda ya zauna a ina. Nasa ne na ƙarshe.

Ya ce, "Da na ji sunana a cikinsu, Mishi, sai na ji sanyi. Na ce can ne wurina."

Na ce, "An ce an gaya maka ka rage mutane."

Ya ce, "Wa zan sauke? Uwar amarya? Masu kiɗa?"

Na ce, "Ban zo in kai ka gida ba. Ba ni da wurin ajiye ka. Magana ɗaya na zo karɓa, ka ba ni in tafi, jirgina ba ya jira. Saumu za ta yi aure."

Ya rufe fuska da hula.

Na yi masa bayanin abin da Shehe ya ce. Ya ce a'a, ya mutu, matacce ba ya waliyyi. Na ce, "Matacce ba ya sayar da gahawa. Ka hana ta uba, ka hana ta uwa, yanzu kuma za ka hana ta aure na halal? Ni ban taɓa barin kasuwa hannu wofi ba, yau ma ba zan fara ba."

Na kira Shee. Yana garejinsa, ina jin ƙarar injin jirgin ruwa. Na ce, "Kashe injin nan, ka zauna a ƙasa, ba a kujera ba." Ya ce, "Yaya Mishi, wane sabon salo ne kuma?" Na ce, "Zauna, ɗan nema." Na miƙa wayar.

Ya ce, "Shee. Ni ne."

Na ji abu ya faɗi a can. Na ji Shee yana innalillahi, yana maimaitawa, kamar yau aka gaya masa mutuwar.

Na ce, "Faɗi, Yaya. Ka ce ka wakilta shi ya aurar da 'yarka Saumu ga Lali ɗan Hamadi."

Ya sauke wayar daga kunne. "Wane Hamadi?"

Na ce, "Ka san wanne."

"Kafinta?"

"Shi."

Na zaci zai zube ƙasa. Amma ya faɗa, kalma bayan kalma, har sau biyu don na ce ban ji na farkon ba. Na karɓi wayata. Ya ce in sha gahawa, na ce na ƙoshi.

An gama. Aure zai ɗauru a wurin Allah, mutane kuma su ci gaba da sanin abin da suka sani. Ni ce Mishi.

Na dawo filin jirgi.

Laraba, da yamma, Mombasa

Shee ya zo shago, idanunsa jajur. Na ja shi bayan labule.

Ya ce, "Ba zan gaya wa kowa ba. Amma, Yaya, ki sani, in aka tambaye ni a cikin masallaci ba zan yi ƙarya ba."

Na ce, "Wa zai tambaye ka? Shekara tara kowa ya san kai ne uban yarinya. Ka zauna, ka miƙa hannu, ka faɗi abin da aka ce ka faɗa, a zuciyarka ka san da izinin wa kake yi. Ko wannan ma sai ka fasa, kamar kofunan Baba?"

Bai yi dariya ba.

Na aika wa Shehe tazbaharsa.

Alhamis

Lalle. Saumu ta yi kyau har na shiga banɗaki na kulle ƙofa.

Jumma'a, bayan sallar Jumma'a

Ya tambaya.

Asabar, da safe

Mata muna gida, an jona mana lasifikar masallaci don mu ji ɗaurin aure mu yi guɗa a kan lokaci. Ni na biya mai jona wayar. Ni na ce a ƙara sauti. Bi Mwanakombo tana gefena, hannunta a kan cinyata.

Shehe Mwinyi ya yi huɗuba. Ya zo wurin waliyyi. Auren da ya ɗaura a unguwar nan ba su ƙirguwa, ban taɓa jin ya tsaya a wurin nan ba. Ya yi gyaran murya ya ce, "Shee ɗan Kombo, kwanan nan an yi mini wata tambaya da ta hana ni sukuni, har na ɗauki alkawari zan riƙa tambayar kowa. Kada ka ji komai. Kai waliyyi ne, ko wakili?"

Lasifikar ta yi ta huci.

Shee ya ce, "Wakili."

"Wa ya wakilta ka?"

"Mahaifinta."

Wata ta yi dariya a bayana, ta zaci bai fahimci tambayar ba. Shehe ya ce, "Yaushe?" Shee ya ce, "Ran Litinin."

Hannun Bi Mwanakombo ya tashi daga cinyata.

Abin da ya biyo baya a masallaci hayaniya ce, ban iya rarrabewa ba. Na ji wani yana kiran sunan ɗansa da ya tafi a jirgin. Na ji ana cewa a kashe lasifika, ba a kashe ba. Can sai muryar Lali, ba da ƙarfi ba: "Shehe, wakilcin ya inganta?" Shehe ya yi wa Shee tambayoyi, ya ce ya inganta. Lali ya ce, "To a ɗaura. Ba ita ta tuƙa jirgi ba."

Aka ɗaura. Babu wadda ta yi guɗa. Har ni.

Uwar ango ta yafa mayafinta ta fita, rabin mata suka bi ta. Tukwanen shinkafar pilau suna nan a tsakar gida, ko murfi ba a ɗaga ba.

Asabar, bayan la'asar

Kibibi ta zo da 'ya'yanta sun raba abincin a gidan marayu. Ba ta tsokane ni ba. Gara da ta tsokane ni.

Lahadi

Saumu tana gidan mijinta. Na kira, ba ta ɗauka ba.

Litinin

Ba ta ɗauka ba.

Talata, da yamma

Ta turo saƙo: "Ina lafiya, Gwaggo. Ba yanzu ba." Na karanta shi har wayar ta mutu.

Na buɗe shago. Masu wucewa suna rage tafiya a ƙofa, ba sa shigowa.

Alhamis, bayan azahar

Bi Mwanakombo ta zo.

Na hango ta tun daga kan layi, cikin baƙin mayafi, ita kaɗai. Na miƙe na shirya fuskata, na ce ko mari ne zan karɓa, ba zan kare ba. Ta shigo ta zauna a kan kujerar masu saye, ba ta amsa gaisuwa ba.

Ta ce, "Kin gan shi da idonki?"

Na ce, "Na gan shi."

"Kika zauna kusa da ni, kika bar ni ina cewa marayun jirgi ɗaya."

Na ce, "Na bar ki."

Ta ce, "Wannan tsakaninki da Allah. Ɗana ya zaɓa, yarinya tana ɗakinta, ba zan fitar da ita ba. Ba shi ya kawo ni ba." Ta gyara mayafi. "Shekara tara ba ni da wanda zan tambaya. Ba a kawo mini gawa ba, ba wanda ya gani. Shi yana wurin. Ina so in sani ko Hamadi ya samu ya yi kalmar shahada."



Ta ce, "Kira shi."

Ba shi da waya. Na kira mai halwan nan na bakin kasuwar Darajani, na ce don Allah a nemo mini Mzee Haji, a ce ƙanwarsa ce, a ce in bai zo ba zan hau jirgi. Muka zauna muna jira. Can na ji numfashinsa.

Na ce, "Yaya, matar Hamadi ce. Tambaya ɗaya gare ta. Kada ka yi mata ƙarya, kuma kada ka gudu."

Ya ce, "Ba ta."

Na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu. Na fita na ja ƙofar shago, na tsaya a bakin titi cikin rana. Wata mata ta zo da kuɗinta a hannu tana neman leso, na ce mata mun rufe.